Laba Nawa Ne, Kuma Laban Wane Ne?

Watannin baya ɗiyar yayata da ke aure a Amurka ta haihu. Mijinta ya turo hoton katin asibiti a zauren WhatsApp na dangi, an rubuta nauyin jaririn 6 lb 14 oz, wato laba 6 da oza 14. Ba a gama barka da arziki ba gardama ta kaure. Goggonmu da aka karanta mata ta ɗauka kilo shida ake nufi, ta ce wannan ai ba jariri ba ne, ɗan maraƙi ne, Allah dai ya tashi kafaɗun uwar. Wani ƙanena mai rawar kai ya ce a bar masa. Ya buga 6.14 a wayarsa, ya juya zuwa kilo, ya dawo da sanarwa: "Goggo, ki kwantar da hankalinki, kilo 2.79 ne kawai." Goggo ba ta yi daidai ba, shi ma bai yi ba, kuma nasa kuskuren ya fi muni domin ya zo da rigar ilimi. Nauyin yaron kilo 3.12 ne.

Abin da ya kayar da shi abu ne mai sauƙi. Laba ɗaya oza 16 ne, ba 10 ba, ba kuma 100 ba. Saboda haka oza 14 ɗin nan ba ɗigo goma sha huɗu ba ce, kashi 14 ne cikin 16, wato saura ƙiris laba ya cika. In za a rubuta da ɗigo, 6.875 za a rubuta. Duk wanda ya taɓa lissafin lokaci ya san wannan tarkon, ko da bai lura ba: awa ɗaya da minti 30 ita ce awa 1.5, ba wanda yake ce mata 1.30 sannan ya ninka kuɗin aiki da ita. Iyayenmu da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 ba sa faɗa wa wannan rami, domin kansu ya saba da kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Mu da muka tashi da naira da kwabo ɗari, da kilo da giram dubu, duk lambar da muka gani sai mu soka mata ɗigo.

Hanyar da ba ta ɓata mutum ita ce ya mayar da komai ƙaramin awo tukuna. Laba 6 sau 16 ya ba da oza 96, a ƙara 14, oza 110 ke nan. Oza ɗaya giram 28.35 ce, sai a ninka, a sami giram 3,118. Haka ma wajen tarawa: laba 3 da oza 11, a haɗa da laba 2 da oza 9, zai ba da laba 5 da oza 20, sai a cire 16 daga cikin ozojin a kai gidan laba, ya zama laba 6 da oza 4. In kuwa sikelin zamani ne ya nuna 2.3 lb, to ba laba 2 da oza 3 yake nufi ba. A ninka 0.3 da 16, za a ga oza kusan 5 ce.

Kada a ɗauka wannan wasan lissafi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar jaririn da bai kai giram 2,500 ba a matsayin mai ƙarancin nauyi, wanda ke buƙatar a ƙara sa masa ido. Wannan iyaka ta faɗo kusan daidai kan laba 5 da oza 8, wato giram 2,495. Wanda ya buga 5.8 zai sami kilo 2.63, ya fitar da yaron daga sahun da ya kamata a kula da shi. Wanda kuma ya ga laba 5 da oza 12 ya buga 5.12 zai sami kilo 2.32, ya tayar wa uwa hankali a banza, alhali ɗanta kilo 2.61 ne. Kuskuren yana iya karkata ko ta wane ɓangare, shi ya sa ba a iya gane shi da ido.

Kalmomin nan biyu, laba da oza, suna da labari mai daɗi. Bature ba ya cewa laba, ba ya cewa oza. Abin da yake rubutawa a jikin kwali da takardar kanti ne, lb da oz, Bahaushe ya karanta kamar yadda ya gani, ya sa musu wasula ya mai da su nasa. Abin mamakin shi ne ta haka ya koma kusa da asalin kalmomin fiye da Baturen kansa. Gajartawar lb daga libra ta fito, awon Rumawa, oz kuma daga onza ta Italiyanci, wadda ita ma ta samo asali daga uncia ta Latin. Alamar kuɗin Ingila, £, ita ma harafin farko ne na libra aka yi wa ado, domin fam na kuɗi asalinsa nauyin laba ɗaya ne na azurfa da ake bugawa kwabo 240. A Turanci kalma ɗaya ce take ɗauke da kuɗin da nauyin. Hausa ta raba gardama, ta ce wa kuɗin fam, nauyin kuma laba.

To amma uncia ma'anarta ɗaya cikin goma sha biyu. Laban Rumawa, mai nauyin giram 328 ko kusa da haka, oza 12 ne. Ina 16 ta fito?

Daga kasuwa ta fito, musamman cinikin ulun tumaki da Ingila ta yi arziki da shi a ƙarni na 13 da na 14. Awon da 'yan kasuwar suka tsaya a kai sunansa avoirdupois, kalmar tsohon Faransanci mai nufin kayan da ake sayarwa da nauyi. Bari mu kira shi laban kasuwa. Amfanin 16 sai mutum ya tsaya gaban sikeli mai kwano biyu zai gane shi. Ka zuba laba ɗaya na gishiri, ka raba shi a kwanukan biyu har su daidaita, ka sami oza takwas-takwas ba tare da dutsen awo ba. Ka sake rabawa, huɗu. Ka sake, biyu. Ka sake, ɗaya. Sau huɗu kana rabawa biyu ba ka gamu da ɓari ba. Gwada haka da goma: biyar, sai biyu da rabi, ka shiga rikici tun a mataki na biyu. Mai awon hatsi a Dawanau da ke cewa tiya, rabin tiya, ya san wannan hikimar. A ganina awon Ingila ba shirme ba ne kamar yadda 'yan boko kan ɗauka. An yi shi ne domin hannu da ido. Matsalarsa ta fara ne ranar da ciniki ya koma kan takarda da na'urar lissafi, inda goma ke sarauta.

Sai dai laban mai oza 12 bai mutu ba, ya koma gidan maƙeran zinariya da masu buga kuɗi, da sunan troy, wanda ake dangantawa da garin Troyes na Faransa inda ake cin babbar kasuwa a zamanin da. A nan ne ainihin ruɗanin yake, kuma ba a warware shi sai da ƙwaya. Ƙwaya, ko giren, ita ce mafi ƙanƙantar awo a tsarin, asalinta nauyin ƙwayar sha'ir guda, yanzu kuma miligiram 64.8 ce. Ita kaɗai ce nauyinta bai bambanta tsakanin awon kasuwa da awon zinariya ba. Laban kasuwa ƙwaya 7,000 ne, in aka raba 16 kowace oza ta tashi da 437.5. Laban troy ƙwaya 5,760 ne, in aka raba 12 kowace oza ta tashi da 480. Duba abin da ya fito: laban zinariya ya fi na kasuwa sauƙi, giram 373.24 a kan 453.59, amma ozar zinariya ta fi ta kasuwa nauyi, giram 31.10 a kan 28.35. Don haka in aka tambaye ka laban auduga da laban zinariya wanne ya fi nauyi, amsar auduga ce. In aka ce oza, amsar zinariya ce. Ba wayon magana ba ne, haka awon yake.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin duk farashin zinariya da ake ji a labarai, na Landan ko na New York, a kan ozar troy ake faɗarsa, kuma sau da yawa ba a ambaton troy ɗin, sai a ce oza kawai. Mu ɗauka, don misali, farashin dala 2,000 ne kowace oza. Wanda ya raba da 31.10 zai sami dala 64.30 kowane giram. Wanda ya ɗauko 28.35 daga ƙwaƙwalwarsa ko daga wayarsa zai sami dala 70.55. Bambancin ya kusa kashi goma cikin ɗari. Mai saye da ya yi wannan lissafin zai ga kamar an yi masa rahusa alhali an ɗora masa. Mai hakar zinariya a ƙauye da ya yi shi zai ɗauka dillali ya cuce shi fiye da yadda ya cuce shi.

Ga kuma zakka. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kuma da yawa daga malaman wannan zamani suna ƙiyasta shi giram 85. Da ozar troy, giram 85 oza 2.73 ce. Da ozar kasuwa, kusan oza 3 cif. A kan wancan farashi na misali, nisabin gaskiya dala 5,466 ne, na kuskure kuwa dala 5,997. Mutumin da dukiyarsa ta faɗo tsakanin lambobin nan biyu zai kwana yana ganin zakka ba ta hau kansa ba, alhali ta hau. Wani ƙarin abin lura, farashin da ake sanarwa na tsantsar zinariya ne mai karat 24. Sarƙar da Hajiya ta sayo mai karat 21 kashi 21 cikin 24 ne zinariya, mai karat 18 kuma kashi uku cikin huɗu. Wanda ya je Dubai zai kuma ci karo da tola, awon Indiya wanda Turawan mulki suka daidaita a kan ƙwaya 180, giram 11.66. Shi ya sa ɗan sandan zinariyar nan mai tola goma yake da nauyin da ba shi da kan gado a kilo, giram 116.6.

Yadda aka yi laban kasuwa ya zama shi ne na hukuma ya haɗa da gobara. Dokar awo ta Birtaniya ta 1824, wadda ta kafa tsarin da ake kira na daular Ingila, laban troy ta ɗauka a matsayin uban awo, wani dunƙulen tagulla da aka ƙera a 1758 aka ajiye a majalisar dokoki. A watan Oktoba na 1834 ginin majalisar ya ƙone, dunƙulen ya salwanta. Da aka zo ƙera sabo sai aka yi shi da ƙarfen filatinam a kan nauyin laban kasuwa, doka ta amince da shi a 1855. Dokar 1878 ta soke laban troy gaba ɗaya, ta bar ozarsa kawai domin zinariya da azurfa da makamantansu. Amurka kuwa tun 1893 ta ɗaure labanta a jikin kilo, sai ya zama laban Landan da na Washington sun ɗan saɓa da abin da ido ba ya gani amma masana kimiyya da masu ƙera injuna suna gani. A 1959 ƙasashe shida, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, suka daidaita a kan cewa laba ɗaya kilo 0.45359237 ne, ba ragi ba ƙari.

Ma'anar wannan ita ce yau laba ba shi da ƙafafun kansa. Lambar nan ba auna ta aka yi aka samu ba, yanke ta aka yi. In ka tambayi doka mene ne laba, da kilo za ta ba ka amsa. Shi kansa kilon daga 1889 wani dunƙulen ƙarfe ne da ke ajiye a Sèvres kusa da Paris, har zuwa watan Mayun 2019 da aka mayar da ma'anarsa kan wata tsayayyar lamba ta kimiyyar fiziks. Laba ya bi shi can ba tare da an tambaye shi ba. Wannan yakan ba ni dariya in na tuna Steve Thoburn, mai sayar da kayan marmari a Sunderland, wanda kotu ta samu da laifi a 2001 saboda ya auna wa mai saye ayaba da sikelin da laba da oza kawai yake nunawa, bayan doka ta wajabta kilo. Jaridun Ingila sun mai da shi gwarzon kare gadon kakanni. Ban ga laifin mutum ya so abin da ya saba da shi ba, amma laban da yake karewa ya riga ya zama bawan kilo shekaru da dama kafin a kama sikelinsa.

In aka haura sama da laba, sai Ingila da Amurka su raba hanya. Baturen Ingila ba ya faɗin nauyin jikinsa da laba zalla, da dutse yake faɗa, wanda laba 14 ne, kilo 6.35. Sunan ba ƙarya ba ne, da duwatsu ake awon a da, kuma kowace sana'a da nata: mahautan Landan sun daɗe suna aiki da dutse mai laba 8, har bayan da dokar 1835 ta tsayar da na hukuma a kan 14. Ba'amurke bai san dutse ba sam. Masu bin dambe sun ga wannan a karawa ta biyu tsakanin Anthony Joshua da Andy Ruiz a Diriyah ta Saudiyya, a watan Disambar 2019. Kafofin Ingila suka ce Joshua dutse 16 da laba 13 ne, na Amurka suka ce laba 237. Abu ɗaya suke faɗa: 16 sau 14 ya ba da 224, a ƙara 13. A kilo, 107.5. Ruiz ya hau sikeli da dutse 20 da laba 3, laba 283 ke nan, sama da kilo 128. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusa kilo 21, kuma duk wanda ya kalli damben ya ga yadda nauyin ya hana Ruiz motsi.

Dutse takwas shi ne abin da Ingila ke kira awon ɗari, wanda ake gajartawa cwt. Ɗarin nan laba 112 ce. Amurka ta ce ɗari ai ɗari ce, ta tsayar da nata a kan laba 100. Kowannensu kuma ya ninka nasa sau 20 ya kira shi tan. Tan na Ingila, dogon tan, laba 2,240 ne, kilo 1,016. Na Amurka, gajeren tan, laba 2,000 ne, kilo 907. Na kilo kuma, wanda yawancin duniya ke aiki da shi, 1,000 ne cif, laba 2,205 in an cike. Tan uku ke nan da suna ɗaya.

Muna ɗauke da sawun wannan a kafaɗunmu ba mu sani ba. Buhun siminti a zamanin Turawa awon ɗari ɗaya ne na Ingila, laba 112, wato kilo 50.8. Da Najeriya ta koma tsarin kilo a shekarun 1970 bai sha wahala ba, ya zama kilo 50, lissafin buhu 20 tan ɗaya ya zauna yadda yake. Alkaluman gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano da dogon tan aka rubuta su, kuma da yake bambancinsa da tan na kilo bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, mai karanta tarihi ba zai ɓata da nisa ba. Gajeren tan ne mugun. Ɗauki tirela mai tan 30. A lissafinmu buhu 600 ne masu kilo hamsin-hamsin. In takardar cinikin daga Amurka ta fito, kuma tan ɗinsu ake nufi, kilo 27,216 ne, buhu 544. An rasa buhu 56 ba tare da kowa ya saci ko ɗaya ba, kuma in aka je gaban alƙali kowa yana da gaskiyarsa. Nijar ba ta gaji wannan ciwon kai ba, da kilo Faransa ta zo mata tun farko. A Ghana kuwa har gobe mahauta suna yanka nama da laba a kasuwa, duk da cewa hukuma kilo ta sani. Su ma Faransawa da Jamusawa suna da laban bakin kasuwa, amma nasu rabin kilo ne daidai, giram 500, ya ɗara na Ingila da giram 46.

Akwai wata ozar kuma da ba ta nauyi ba ce ko kaɗan. Ɗauko kwalbar turare ka duba gindinta, za ka ga 100 ml, a gefe kuma 3.4 fl oz. Wannan ozar ruwa ce, cika take aunawa, ba nauyi ba. Ta Amurka mililita 29.57 ce, ta Ingila 28.41. Dangantakarta da nauyi ta ruwa ce kawai: dokar 1824 ta ce galan shi ne wurin da laba 10 na ruwa zai cika, aka raba shi 160, sai ozar ruwa ta Ingila ta zo daidai da oza ɗaya ta nauyi in ruwa ne a ciki. In zuma ce ta fi haka nauyi sosai, in man gyaɗa ne bai kai ba. Matan da ke koyon kek daga bidiyon Amurkawa sun san wannan takaicin. An ce oza 8 na fulawa, ta ɗauko kofin awo mai zanen oza 8 ta cika, ba ta san kofin cika yake aunawa ba, kuma fulawar da ke cikinsa ba ta fi oza huɗu da rabi a sikeli ba. Kek ya fito kamar kunu, ta ɗora wa murhu laifi.

Ga mai son lissafin ka, akwai dabara. Daga laba zuwa kilo, raba biyu, sannan ka cire ɗaya cikin goma na abin da ka samu. Laba 180, rabinsa 90, cire 9, saura 81. Na gaskiya 81.6 ne. Daga kilo zuwa laba, ninka biyu ka ƙara ɗaya cikin goma: kilo 70 ya zama 140, ƙara 14, 154, na gaskiya 154.3. Oza kuma, riƙe cewa giram 100 oza uku da rabi ne. Wannan ya ishi mai sayen nama da mai hawa sikelin asibiti. Bai ishi mai zinariya ba, bai ishi mai cika jirgin ruwa ba, domin ɗan guntun da aka yar yana girma tare da kayan. Kuma doka ce a wurina: kada a cike lamba a tsakiyar lissafi, sai a ƙarshe, sau ɗaya.

Cike lamba ya haifar da abubuwan da muke gani kullum ba ma tambaya. Me ya sa kamfanonin jirgin sama da yawa suke ba fasinja kilo 23, ba 20 ko 25 ba? Domin laba 50 ne na Amurka, kilo 22.68, aka cike shi. Kilo 32 na babbar jaka kuma laba 70 ne, 31.75. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce nauyin ƙwallo ya kasance tsakanin giram 410 da 450, ta kuma rubuta oza 14 zuwa 16 a gefe, alhali oza 14 giram 397 ce, oza 16 kuma 454. Lambobin biyu ba su yi daidai ba, an dai zaɓi masu daɗin faɗa a kowane ɓangare. A ƙwallo wannan ba ya kashe kowa.

A magani yana iya kashewa. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, miligiram kaza a kan kowane kilo. A Amurka iyaye da laba suke faɗin nauyin 'ya'yansu. Yaro mai laba 22 kilo 10 ne. In aka rubuta 22 a gurbin kilo, an ba shi fiye da ninkin abin da jikinsa zai ɗauka. Wannan ne ya sa masu kula da lafiyar marasa lafiya a can suka daɗe suna matsa wa asibitoci su auna yara da kilo kaɗai, su ma toshe maɓallin laba a jikin sikelin. Duk wanda zai kai yaron da aka haifa a waje asibitin gida da katinsa a hannu, ya tabbata ma'aikaciyar jinya ta ga haruffan da ke bayan lambar.

Ranar 23 ga Yulin 1983 wani sabon jirgi ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montreal zai je Edmonton, da mutum 69 a ciki. Kanada tana tsakiyar sauya awo a lokacin, kuma wannan samfurin shi ne na farko a kamfanin da ke lissafin mai da kilo, sauran jiragen duk da laba suke yi. Agogon man jirgin ya sami matsala, don haka aka auna man da sanda aka sami adadinsa a lita, ya rage a juya litar zuwa nauyi. Lita ɗaya ta man jirgi wajen kilo 0.80 ce, ko laba 1.77. Ma'aikatan suka ninka da 1.77, lambar da hannunsu ya saba da ita, suka ɗauki amsar a matsayin kilo. Tafiyar tana buƙatar kilo 22,300. Takarda ta nuna 22,300, kowa ya duba ya gamsu, har aka sake lissafin a Ottawa, inda jirgin ya ya da zango, da lambar nan dai aka sake samun daidai. Abin da ke cikin tankin laba 22,300 ne, bai kai rabin abin da ake buƙata ba.

Suna tafiya a tsayin ƙafa 41,000 mai ya fara ƙarewa, injin ɗaya ya mutu, ba a jima ba ɗayan ya bi shi. Matuƙin, Robert Pearson, ya taɓa sarrafa jiragen da ba su da inji a matsayin abin sha'awa, mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya taɓa aikin soja a wani tsohon sansanin mayaƙan sama da ke Gimli a lardin Manitoba, ya san akwai titin sauka a wurin. Abin da bai sani ba shi ne an mai da wani sashen titin filin tseren motoci, kuma ranar akwai jama'a da iyalansu a kai. Jirgin ya sauko shiru babu ƙarar inji, tayar gaba ta karye, hancinsa ya daki ƙasa yana jan wuta har ya tsaya kafin ya kai ga mutane. Ba wanda ya mutu, a cikin jirgin ko a ƙasa. An gyara shi, ya ci gaba da ɗaukar fasinja har zuwa 2008.